Hawayen Anti Ja-Numfashi

Teburin falon nan bai yi wa kowa laifi ba, amma tun da gari ya waye take dirzarsa da tsumma kamar ya yi mata rashin kunya. Daga teburin ta koma kan talabijin, daga nan ta janye kushin ta share ƙarƙashinsa, ta mayar, ta sake janyewa domin a ganinta bai daidaita da labule ba. Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, yana zaune da kofin shayi a hannu yana bin ta da ido har wuyansa ya gaji.

"Malama, ki zauna mana."

"Yanzu zan zauna."

"Tun jiya kike cewa yanzu."

Ta yi murmushin nan nata mai sanyi, ta naɗe tsumman, ta warware, ta sake naɗewa. Wanda bai san ta ba ba zai taɓa yarda cewa wannan baiwar Allah sana'arta koya wa mutane zama wuri ɗaya ba ce. A wata cibiya take aiki, a saman bene, inda masu damuwa ke zuwa a saurare su. Tana koya musu yadda za su zauna su bi numfashinsu, su lura da abin da ke cikin zuciyarsu ba tare da sun gudu ba, sannan ta taya su tsara yadda za su tafiyar da rayuwarsu. Ta iya aikin, ba a ƙwace mata. Ƙannen mijinta ma tun tana amarya suka laƙaba mata Anti Ja-Numfashi, don duk abin da ka kawo mata, ko wayarka ce ta faɗa ruwa, sai ta ce ka ja numfashi tukuna. A da sunan na wasa ne. Tun da cikinta ya zube, sunan ya koma na gori.

Cikin ya yi ƙwari har ya fara motsi lokacin da abin ya faru. A asibiti surukarta, Umma, ta zube a bakin gado tana kuka kamar ranta zai fita, domin shi ne jikan farko da take jira daga ɗanta namiji tilo. Ita kuwa mai ɓarin, ga robar ƙarin ruwa a hannunta, sai ta miƙa ɗaya hannun ta dafa Umma ta ce, "Umma, ku ja numfashi a hankali. Abin da kuke ji daidai ne." Umma ta ɗago ta dube ta, kukan ya tsaya cak. Wannan maganar ba ta bar zuciyar tsohuwar ba har yau.

Dogo ya ajiye kofin.

"Umma ta kira ni. Ta ce mu je da la'asar. Kawu ma zai zo."

 Kowa a dangin ya san ba a kiran Kawu don gaisuwa.

"Me ta ce?"

Ya daɗe yana kallon baƙin man da ya maƙale a farcensa, don gyaran janareta ne aikinsa kuma sabulu bai taɓa cin galabar hannuwansa ba.

"Ta ce matar da ta rasa ɗa ba ta zubar da ɗigon hawaye ba, ta tashi ta koma ofis kamar kaza ce ta mutu, dama can ba ta son ɗan. Ta ce... ta ce in sawwaƙe miki."

Falon ya juya mata. Sai dai kafin zuciyarta ta ce uffan, bakinta ya riga ya ɗauko abin da ya saba. Ta zauna a gefen kushin, ta haɗa hannuwa a cinya, ta sassauta murya.

"Na fahimci kana tsakanin mahaifiyarka da matarka, kuma hakan yana yi maka nauyi. Kana so ka faɗa min yadda kake ji?"

Dogo ya miƙe tsaye har shayin ya fantsama.

"Haba! Haba, Malama! Ni ba ɗan ofishinki ba ne, mijinki ne ni! Na ce miki ana so a raba mu, kina tambayata yadda nake ji? Ki zage ni mana! Ki jefe ni da kofin nan! Ki ce Umma ba ta kyauta ba — ki ce wani abu da zan san akwai mutum a cikin rigar nan!"

"Ka ja num..."

"Wallahi idan kika ƙarasa sai na bar miki gidan!"

Ta haɗiye sauran maganar. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya kai bakin ƙofa, ya juyo idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ina son ki, Allah ne shaidata. Amma na gaji da zama da ke kamar ina ɗakin jiran likita."

Ya fita. Ta tsaya tana kallon shayin da ya zube a kan teburin, sai ta ji wani sauƙi mai ban haushi, don ga abin gogewa ya samu.

A tasi ta kasa zama daidai. Ta buɗe waya, ta rufe, ta buɗe jaka, ta zuge, ta sauke gilashi, ta ɗaga, har direban ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Ta ce lafiya lau.

Ɗakin aikinta ƙarami ne: kujeru biyu masu taushi suna fuskantar juna, tukunyar fure a taga, kwalin tishu a kan ɗan tebur, da agogon bango da aka rataye a bayan kujerar baƙo don kada mai magana ya riƙa kallonsa. Wadda ta fara shigowa ranar wata tela ce da barci ya ƙaurace wa tun rasuwar mahaifiyarta.

"Ki sa ƙafafunki a ƙasa," ta ce mata. "Ki ji kujerar ta ɗauke ki. Kada ki kori komai. Duk abin da ya zo, ki ce masa na gan ka. A ina kike jin sa a jikinki?"

"A nan, Anti." Telar ta dafa maƙogwaro. "Kamar na haɗiyi maɓalli."

"To bar shi ya zauna. Ina nan tare da ke."

Ba a daɗe ba telar ta fashe da kuka, ta yi mai isarta, ta share fuska, ta ce rabonta da ta ji ƙirjinta sakayau haka har ta manta. Ta fita tana sa albarka. Ba ta lura ba cewa duk tsawon zaman ƙafar malamar tata rawa take a ƙarƙashin doguwar riga, idonta kuma yana kan agogo.

Amma uwar ɗakinta ta daɗe da lura da halin da take ciki. Ita ce mai cibiyar, dattijuwa mai farin gilashi wadda ta koya mata aikin tun tana ɗaliba, kuma bangon da ke tsakanin ofisoshinsu ba shi da kauri. Ta shigo ba sallama mai tsawo, ta tura ƙofa, ta zauna a kujerar mai aiki, ta nuna mata ta baƙo.

"Zauna can."

"Madam, akwai mai jira..."

"Na ba shi wani lokacin. Zauna."

Ta ɗosana a bakin kujerar kamar akwai ƙaya a ciki.

"Ɗazu na ji kina tambayar baiwar Allah can a ina take jin nata. Ke a ina kike jin naki?"

"Ni ai na karɓi ƙaddara, Madam. Ina yin atisayena kullum, safe da yamma. Da abin ya taso sai in ja numfashi har ya kwanta."

"Har ya kwanta, ko har ki danne shi?" Dattijuwar ta cire gilashinta. "'Yata, ni na koya miki numfashin nan, kuma ban taɓa ce miki murfin tukunya ba ne. Don mutum ya iya zama da abin da ke cinsa ake yin sa. Ke kin ɗauke shi kin rufe tafasasshen ruwa, kin hau kai kin zauna, kina mamakin abin da ya sa kike rawa."

"Idan na faɗi, wa zai riƙe su? Mijina ya karye, mahaifiyarsa ta karye. Kuma me mutane za su ce? Mai koya wa jama'a nutsuwa ga ta tana birgima?"

"Za su ce mutum ce. Rufe idonki."

Ta rufe. Ta ji fanka tana juyawa, ta ji hon ɗin motoci a ƙasa, sai kuma ta ji wani abu yana tasowa daga ƙasan cikinta, daidai wurin da motsin nan yake a da. Zumbur ta miƙe, ta rarumi jakarta.

"Sori, Madam, ana jirana a gidan surukai."

Dattijuwar ba ta tare ta ba. Ta mayar da gilashinta tana girgiza kai. "Wanzami ba ya son jarfa," ta ce. "Allah Ya sa kada ki makara."

La'asar da saura, don haka ta ƙi shiga mota, ta kama tafiya a ƙasa. Ta wuce masu gyaran waya, ta wuce layin masu sayar da katifa, ta tsallaka titi ba dalili ta sake tsallakowa. Tana tafe tana tsara abin da za ta faɗa: za ta saurari Umma har ƙarshe, ba za ta katse ta ba, za ta maimaita mata abin da ta ji don ta san an fahimce ta. Haka aka koya mata, haka take koyarwa, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba cewa wannan tsarin shi ne ya kawo ta inda take.

Falon Umma a cike yake da shiru. Kawu yana kan babbar kujera da carbi, Dogo yana zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai, Auta, ƙanwarsa, ta rakuɓe a bakin ƙofar kicin wai tana yankan farce. Ta durƙusa ta gaishe su. Kawu ya amsa. Umma ta amsa da hanci.

Bayan Kawu ya yi addu'a ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, Umma ba ta jira an sake cewa ba.

"Ni ba ni da doguwar magana, Yaya. Yarinyar nan ban taɓa ƙin ta ba, kowa shaida ne. Da ta samu ciki na ce ta ajiye aikin nan ta huta, ta ce min likita ya ce ba komai. To ga ba komai nan mun gani! Ciki ya zube, ina kuka, ɗana yana kuka, ita tana kwance tana koya min numfashi! Ni! Ni da na haifi mijinta! Kwana nawa aka yi, ta saɓa jaka ta koma ofis. Na je gidan in duba ta, na tarar tana wanke labule. Dutse ne a ƙirjinta, Yaya, kuma ba zan zuba ido ɗana ya tsufa da dutse ba."

Kawu ya juyo. "To, 'yata, kin ji. Me za ki ce?"

Ta gyara zama. Ta haɗa hannuwa a cinya. Muryar nan mai sanyi ta fito da kanta.

"Umma, na ji ku, kuma na fahimci cewa kuna jin..."

"An fara," in ji Auta ƙasa-ƙasa.

Ta dubi Dogo. Bai ɗago ba, ya dai rufe ido, kafaɗunsa suka sauka irin na mutumin da ya gama fid da rai. A nan ta gane cewa idan ta ƙarasa wannan jimlar, aurenta ya ƙare, kuma ba Umma ce ta kashe shi ba.

Ta bar jimlar a nan. Kawu ya yi gyaran murya. A karon farko tun daga asibiti ta yi abin da take sa mutane su yi: ta ji tabarmar da ke ƙarƙashinta, ta ji numfashinta yana shiga yana fita, kuma da abin nan ya taso daga ƙasan cikinta ba ta tashi neman tsumma ba. Ta bar shi ya hau ƙirji, ya hau maƙogwaro. Tsoro ne, tsoro mai yawa, da kewa a bayansa.

"Umma..." Muryar da ta fito ba ta ofis ba ce. "Kun ce in huta ban huta ba. Kullum sai na hau benen nan na sauko. Likita ya ce ba shi ne ba, amma ni... ni kullum sai na ce ni na kashe shi. Ina tsoron in yi kuka a gabanku ku ce ai ga shi, ta san abin da ta yi. Idan na zauna sai in ji yana motsi, Umma! Shi ya sa ba na zama! Wallahi ina son ɗana — ina son shi, har magana nake yi masa a hanyar ofis!"

Kukan ya ƙwace mata, irin mummunan kukan nan da ba shi da kunya, da majina da shessheƙa. Abin yankan farcen Auta ya faɗi ƙasa.

 Umma ta kafe ta da ido, fuskar nan a ɗaure.

"Kukan yau na mene ne? Don kin ji ana batun saki?"

Ta girgiza kai, da ƙyar maganar ta fita. "Ko zai sake ni, Umma, ku bar ni in yi kukan ɗana tukuna. Ban taɓa yi ba."

 Sai tsohuwar ta dafa gwiwa ta miƙe, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta, ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Ke 'yar nan, ke 'yar nan! Ashe wuta kike ɗauke da ita kina yi mana murmushi? Wa ya ce miki bene ke zubar da ciki? Kafin in haifi wannan dogon, nawa cikin ya zube ina kwance ko tsinke ban ɗaga ba. Abin da Allah bai rubuta zai taka ƙasa ba, ko a cikin auduga kika kwanta ba zai taka ba. Ni haushina na ɗauka ni kaɗai na yi rashi. Yi kukanki, yi. Ni ma ki yafe min, bakina ya yi kaifi."

Dogo ya matso yana share fuska da hannun riga.

"Ni fa da na ga ba kya kuka, sai na ji kunyar yi a gabanki. A shago nake yi. Sai in tayar da janaretan mutane in ce gwaji nake, don kada yara su ji."

"Kai ma?" Umma ta riƙe baki. "Yaya, ka ji min sakarkaru! Gida ɗaya, gado ɗaya, rashi ɗaya, wannan tana wanke labule, wancan yana ƙona man mutane!"

Auta ta yi dariya cikin hawaye, ta zo ta durƙusa. "Anti, sori. Don Allah ki yafe min."

Kawu ya mayar da carbinsa aljihu ya miƙe. "To, ni dai an kira ni raba aure, na zo na tarar ba a ma gama ɗaura shi ba. Kai, Dogo, raka ni bakin titi. A bar mata su yi abin da ya kamata a yi tun a asibiti."

Da ya dawo, rana ta yi sanyi, falon ba kowa sai Auta. Ya leƙa ɗakin Umma. Matarsa tana kwance a kan gadon tsohuwar, fuska a kumbure, baki a ɗan buɗe, tana barci mai nauyi, Umma na zaune a gefe tana yi mata fifita. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, ya ji sonta ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa.

"Umma," ya ce a hankali, "in tashe ta mu tafi gida?"

"Ka tashe ta ka gani. Wuce ka ba ni wuri, 'yata ba ta zuwa ko'ina sai ta huta. Gobe ka zo da ladabi ka roƙa, in na ga dama in ba ka."

Ya fita yana murmushi, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya jingina da bango, don ya kasa tafiya ya bar ta.

Haka Allah Ya tsare wannan aure, bayan ya kai bakin rami. Haƙuri abu ne mai kyau, nutsuwa ma haka, amma 'yan uwa mu sani cewa haƙuri ba shi ne ɓoye ciwo ga wanda ke son ka ba. Wanda ka hana shi ganin hawayenka, wata rana zai ɗauka ba ka da zuciya. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin a yanke hukunci, domin sau da yawa wanda ya fi kowa shiru a gidan rashi shi ne wanda abin ya fi ci.